Gorar Baba Suma'ila

Duk wanda ya yi karatu a kwalejinmu ta samari da ke bayan duwatsun Birni ya san ƙarar tsintsiyar Baba Suma'ila tun kafin ya san ta ƙararrawa. Yana idar da sallar asuba zai fito daga ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, tsintsiya a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya. Filin basket yake fara nufa, wato filin ƙwallon kwando. Ya share shi daga gabas zuwa yamma, ya tsince ƙaya da kashin awakin maƙwabta, sannan ya yayyafa ruwa da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, don ruwa a garinmu Damagaram ba abin wasa ba ne. Ruwan ma na wanke-wanken madafa ne, shi yake tarawa ya tace da tsumma. Daga nan ya durƙusa ya sabunta layuka da farar ƙasa, ya latsa balo biyun da muke da su da babban yatsa ya ji ko iska ta ragu. Kafin ɗalibi na farko ya fito yana miƙa, fili ya yi fes, shi kuma ya koma wajen sauran ayyukansa: buɗe azuzuwa, saran itace, korar jakuna.

A ƙarshen wannan wata zai ajiye tsintsiya, bayan shekara goma sha takwas. Gwiwa ta fara ƙi, ido ma ya rage, yana so ya koma Gidimuni ya zauna kusa da tafkin da ya girma a bakinsa. A duk shekarun nan sunayen samari da yawa sun hau allon girmamawa na makaranta, nasa bai taɓa hawa ba. Shi ya sa ya dace a ba da labarin abin da ya yi a watan Oktoba na 1959, tun masu shaida suna raye.

Al'adarmu ce, idan an dawo daga hutun damina, kafin a kara da kowace makaranta, a yi kwana uku ana gwada 'yan wasa. Rana ta huɗu malamin wasanni ya rubuta sunan mutum biyar a allon da ke ƙofar biron direkta, wato ofishin shugaban makaranta. Wanda ya fi kowa a cikinsu a ba shi jar riga, ya zama kapitan na shekara. Riga ce guda ɗaya tak, ta sha wanki, an yi mata maho a hammata, amma babu saurayin da ba ya mafarkinta.

A shekarar nan babu gardama a kan wanda zai sa ta. Alkasum ne, ɗan wani manomi daga Hamdara, dogo, ɗan shekara goma sha tara. Idan ya yi tsalle hannunsa yana wuce zoben kwando har wuyan hannu, idan ya jefa daga nesa sai ka ji raga ta yi ƙara. Fataken Kano da ke sauka a Zango suna barin rumfunansu da la'asar su zo kallo. An kuma samu takarda cewa wani mai duba 'yan wasa zai zo daga Yamai nan da kwana goma sha biyu, yana neman samarin da za a tara a can. Kowa ya ce ai tafiyar Alkasum ce. Mahaifinsa ya taso daga Hamdara a kan jaki don ya ga sunan ɗansa a allo. Ba ya karanta boko, sai da aka nuna masa da yatsa, ya daɗe yana kallon wurin.

Baba Suma'ila ya fi kowa murna. Shekarar da Alkasum ya zo makaranta yana kewar gida, a ɗakin bakin ƙofa yake ɓuya, Hajjo matar Baba ta dama masa fura ta ce ya sha ya daina kallon hanya.

Kwana biyu bayan an ba da riga, Baba ya gama saƙa sababbin ragogi, don mutumin bakin tafki ne, saƙar raga a hannunsa take. Shekaru da yawa samari ne ke rataya masa su, amma ranar suna cikin aji. Sai ya mirgino tsohon tanon mai, wato gangar ƙarfe, da ke bayan madafa, ya kafa shi a ƙarƙashin kwando, ya hau. Ya miƙa hannu ya kama zobe, ya fara ɗaura raga. Yana cikin ƙulli na uku ya tsaya.

A kan wannan tano ya tsaya a 1952, ranar da aka kafa ƙarafan nan, ya rataya raga ta farko. Bai manta ba, don sai da ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya miƙe har hammatarsa ta yi ciwo, da ƙyar kan yatsunsa suka kai. Yau ga shi tsaye a kan tafin ƙafa, gwiwar hannunsa ma a lanƙwashe. Ya sauka ya duba tanon. Shi ne dai, ga lotsawarsa a gefe. Ya sake hawa, ya sake sauka. Mutum mai shekara hamsin da biyar ba ya ƙara tsawo. Ya girgiza ƙarfen, yana nan daram a cikin simintinsa, bai nutse ba, bai lanƙwashe ba. Sai ya sunkuya ya kalli ƙasar da yake takawa.

Duk shekara damina tana zaizaye filin, ta bar ramuka. Duk shekara kuma, kafin a dawo hutu, Baba yakan yi jigilar jar ƙasa da tsakuwa, Hajjo ta gayyato Aisa maƙwabciyarta da matan unguwa, su zo da madaɓai da ruwan makuba su daɓe filin kamar ɗakin amarya. Babu wanda ya sa shi, shi ya ga ya dace. Baƙi suna zuwa suna yaba santsin filinmu. Amma kowane daɓe a kan na bara ake yin sa, kaurin yatsa biyu. Daɓe bakwai ke nan. Kwando yana inda yake, ƙasa ce ta hau.

A nan tsaye ya gane wani abu da ya daɗe yana damun mu duka. Shekara uku a jere muna cin duk wanda ya zo gidanmu, amma da mun je Maraɗi sai a lallasa mu. Mun ɗora laifin a kan jijjigar kamyo, babbar motar da ke kai mu, da baƙon ruwa, da alƙalin wasa, wasu ma suna raɗa cewa an binne wani abu a filin can. Mu malamai, har da masu koyar da lissafi da ke yawo da mitir na awo a aljihu, kullum ta ƙarƙashin kwandon nan muke wucewa, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya auna.

Da azahar ya shiga ɗaki ya faɗa wa Hajjo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba sai da ya gama.

"Wa ya gani?" ta ce.

"Ni."

"Bayan kai fa?"

"Allah."

"To, Allah ba ya kai ƙara biro." Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "Malam, Baturen direktan nan bara ya kori mai wanki a kan riga ɗaya da ta ƙone. Kai fili guda ka ɓata masa. In ya karɓi makulli, ɗakin nan ma nasa ne. Ina za mu kai tukwanen nan?"

"Na yi wannan tunanin."

"Yaron kuma? Ubansa ya riga ya zagaye Hamdara da labari."

"Shi ne wanda ya fi yi mini nauyi."

Ta kalli garin da ke ƙwarya. Can ta ce, "Hannuna ma yana ciki, ni na daɓe. In za ka je, canza riga, wannan duk farar ƙasa ce."

Mushe Usman, malamin wasanni (Mushe lakabin malam ne daga Faransanci), saurayi ne a lokacin, shekararsa ta biyu da fara aiki. Ya saurari Baba, ya yi dariya, ya ce tsufa ne. Baba ya ce to a auna tsufan. Aka kawo mitir. Ka'ida mitir uku ne da santi biyar daga ƙasa zuwa zobe. Namu ya gaza da santi goma sha takwas, kusan taƙi guda, duka gefe biyu. Dariyar Mushe Usman ta ɗauke. Ya zauna a kan tanon.

"Baba Suma'ila, mu biyu muka sani. Bari baƙon Yamai ya zo ya ɗauki yaron ya tafi. In an yi hutu sai mu gyara a hankali, ba wanda zai ji."

"Mushe, kwandon Yamai ma Hajjo ce ta daɓe ƙarƙashinsa?"

Baba ya ɗora da cewa:

"In suka kai shi can, gaban baƙi zai yi tsalle ya ga hannunsa bai kai ba. Zai jefa ya ga ba ta shiga, bai kuma san dalili ba. Zai ce shi ne ya lalace, ko an yi masa wani abu. Ba shi da kowa a Yamai. In kunya ce, gara ya ji ta a nan, inda akwai mai dama masa fura."

"Aikinka fa?"

"Aikina ne ya jawo. Ni zan faɗa."

Direktan Bature ne mai saurin fushi. Ya saurara fuskarsa tana yin ja, ya ce ashe shekara da shekaru makarantarsa tana cin wasa da kwandon yara. Ya sa aka goge sunayen da ke allo. Ya ce kwana goma ya bayar, in baƙo ya iso kwando bai koma daidai ba, Baba ya ajiye makulli a kan tebur. Baba ya ce ya ji, abu ɗaya yake roƙo: a bar shi ya faɗa wa samarin da bakinsa.

Da la'asar aka tara su a fili. Baba ya cire hula ya riƙe a hannu, ya faɗi komai yadda yake, bai ambaci Hajjo ko matan unguwa ba. Sai Ɗan Azumi, mafi gajarta a cikin biyar ɗin, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Ashe ni ma na taɓa yin tsawo ban sani ba. Baba, ƙara daɓe uku mana, ko na taɓa zoben nan kafin in mutu."

Wasu suka yi dariya. Alkasum bai yi ba. Ya tuɓe jar rigar, ya ninke ta a hankali, ya ɗora a kan tano.

"Baba, da ka bari baƙon ya zo ya tafi."

"Da na iya, da na bari."

"Me zan ce wa tsohona?"

"Ka ce masa Suma'ila ne ya ɗaga ƙasa. Ba ƙarya ka yi ba."

Alkasum ya juya ya tafi, ba riga a jikinsa.

Washegari Baba ya fara haƙa. Dabararsa ita ce a tono ƙarafan da simintinsu, a gina musu gindi da dutse, a ɗaga su. Da ramin ya yi zurfi sai ga daɓen nan a jikin bangonsa, layi a kan layi, ja da baƙi-baƙi. Samari suka riƙa leƙawa suna ƙirgawa, suna cewa wannan na shekarar da muka zo ne, wannan na shekarar ruwa mai yawa. Bakwai cif. Suka kama masa aiki bayan an tashi daga aji, wasu suna ɗauko duwatsu daga gindin tsauni, Hajjo da Aisa suna kawo ruwa a tulu. Alkasum bai zo ba.

Rana ta biyar aka zo ɗaga ƙarfe na farko. Mutum takwas suka kama, ya taso ya karkace, allon kwandon yana rinjaya baya, babu mai tsawon da zai tallafe shi daga sama. Mushe Usman yana cewa a sauke kafin ya faɗo kan wani. Sai ga hannu ya wuce ta saman kawunansu ya riƙe. Alkasum ne. Ya tallafe har aka cusa duwatsu aka daidaita, ya yi haka a ƙarfe na biyu, sannan ya kakkaɓe hannu ya tafi. Bai ce wa Baba sannu ba, Baba ma bai ce masa komai ba.

An gama a rana ta tara. Baba ya sayo doguwar gora a kasuwa, ya sa Mushe Usman ya auna masa mitir uku da santi biyar, ya yanke ta a nan daidai, ya ɗaure bakinta da fata. Ya kafa ta a ƙarƙashin kowane kwando gaban direkta, kanta ya taɓa zobe. Direktan ya duba, ya gyaɗa kai, ya koma biro. Makulli ya zauna a aljihun Baba.

Sai dai labarin bai ƙare da daɗi nan da nan ba, kuma ba zan gyara shi ba. Da aka sake gwaji, kan yatsun Alkasum kawai ke taɓa zobe, jifarsa kuma duk a bakin ƙarfe take bugawa ta dawo, don hannunsa ya saba da wancan. Ɗan Azumi, wanda gajarta ta koya wa cilla balo sama sosai, shi ya fi saurin sabawa, shi ya samu jar riga. Baƙon Yamai ya zo ya zauna a inuwa, ya kalli wasa ɗaya, ya sha ruwa, ya tafi bai rubuta sunan kowa ba. A gari aka fara magana. Hajjo ta ji a bakin rijiya ana cewa tsohon nan baƙin ciki ya yi wa ɗan mutane. Wata da watanni Alkasum yana wuce ɗakin bakin ƙofa kansa a sunkuye.

Kai ne, Baba, ka haɗiye wannan duka ba ka kai ƙarar kowa ba. Kai ne ka lura cewa yaron yana fitowa shi kaɗai bayan asuba yana jifa da tsohuwar balo mai yoyon iska, sai ka fara ajiye masa mai kyau a gindin ƙarfe kafin ya iso, ka koma can gefe kana shara kamar ba ka gan shi ba. Masu ɗakin kwana na gabas sun shaida: idan balo ta gangaro wajenka, da tsintsiya kake tura masa ita, ba ka ɗago kai. Wata da watanni kuna wasa tare ba ku gaisa ba.

A watan Maris muka je Maraɗi. An ci mu, amma da uku. A da da talatin ake cin mu.

Oktoba ta 1960 ta zo, wata biyu da samun 'yancin kai, sabuwar tuta a ƙofar makaranta. Kafin a fara gwaji Baba ya fito da gorarsa. Damina ta ci filin kamar kullum, amma a wannan karon sai da ya kankare tsohon daɓe kafin a yi sabo. Ya kafa gora a gabas, ya kafa a yamma, kowa yana kallo, sannan ya ce wa Mushe Usman, "Bismillah." Tun daga ranar ba a sake rubuta sunan kowa a allo ba sai gora ta riga ta yi magana.

Kwana uku aka yi. Rana ta huɗu sunan Alkasum ne a sama, ba kuma wanda ya ce uffan, don kowa ya ga yadda ya samu. Ɗan Azumi ya miƙa masa rigar yana cewa, "Karɓi abarka, dama har gwiwa take kai mini." Alkasum ya sa ta, bai je kallon allo ba. Ya miƙe zuwa ɗakin bakin ƙofa, ya durƙusa a gaban tabarma.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗan Hamdara. An wuni lafiya?"

"Bana ƙasa ba ta taimake ni ba."

"Na sani. Ni na auna."

Hajjo ta leƙo ta ce wata goma sha biyu furarta tana jiran mai ita, in ya gama durƙuson ya shigo.

Baƙon Yamai bai sake zuwa ba, Alkasum bai taɓa bugawa a Yamai ba. Wannan damar ta wuce, Baba kuma ya san ta hannunsa ta wuce. Na taɓa tambayarsa ko yana nadama. Ya daɗe yana murza igiyar raga kafin ya ce yana tunawa duk lokacin da ya ga kamyon Yamai ya tashi, amma da za a mai da shi kan tanon nan, abin da ya yi zai sake yi.

Yau Alkasum malami ne a Damagaram Takaya. Makon jiya, da ya ji Baba zai tafi, ya iso a bayan kamyo da sabuwar gora a kafaɗa. Ya kafa wa ɗalibansa kwando ne da zoben da maƙeri ya lanƙwasa masa, yana kuma da mitir, amma ya ce ba zai yarda da tsawon ba sai an gwada da ta Baba. Suka shimfiɗa gora biyu a ƙasa gefe da gefe, tsoho ya riƙe gindi, malamin ya sa wuƙa ya yanke. Tsohuwar kuwa Baba ya ce ba za ta bi shi Gidimuni ba, ta makaranta ce. Ya jingine ta a bayan ƙofar biro, ya nuna wa wanda zai gaje shi inda take.

Na Hajjo, mai gorar gaskiya, mun gode. Mun gode da shara ta shekara goma sha takwas, da ragogin da ka saƙa, da ruwan da ka tace da tsumma. Mun fi gode maka da ranar da ka cire hula a gaban samarin da suka yi jika da kai ka ce laifinka ne, alhali laifin ma daga ƙwazo ya fito, kuma ba mai ganewa da ka yi shiru. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka daɗe kana shan iskar tafki, ya saka wa Hajjo da alheri.

Mu da muka rage, yanzu ƙasa tamu ce, mu ne za mu riƙa rubuta sunaye a allo: a aji, a biro, a duk inda ake cewa wane ya fi wane. Yabo abu ne mai daɗin bayarwa, kuma duk muna son namu su yi tsawo. Kafin ɗayanmu ya ɗauki alli, ya tuna da tsohon da ya hau tano ya ga hannunsa ya kai inda bai kamata ya kai ba, ya ƙi yin murna, ya sauko ya duba ƙasar da yake takawa. Gorar tana bayan ƙofa. Ranar Litinin za a fara gwajin bana, a fito da ita tukuna.